Shin Kwamfutar Ɗakinka Za Ta Iya Riƙe Shafin Intanet?

 A yankinmu na Madawa da Buza da Keita da ƙauyukan da ke kewaye, akwai wata tambaya da kusan duk wanda ya fara koyon gina shafin intanet yake yi, ko ɗalibin jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ne da ya zo hutu gida, ko mai rumfar cajin waya da wani ɗan'uwansa ya aiko wa tsohuwar kwamfuta daga Abijan. Yakan ce: ga kwamfuta a ɗakina, ga intanet a wayata, to me zai sa in biya wani kamfanin ƙetare ya ajiye mini shafina? Me zai hana tawa na'urar ta zama uwar garke, wadda ake kira saba, mutanen duniya su riƙa karanta shafin daga nan inda nake? Tambaya ce ta mai tunani, bai kamata a yi mata dariya ba. Ra'ayin da zan kare a wannan fili shi ne a gina shafin a gida, a gwada shi a gida, a ajiye asalinsa a gida, amma wanda za a buɗe wa duniya a ɗora shi a inda wuta ba ta ɗaukewa.

Da farko dai mu ba mai tambayar haƙƙinsa, domin da haka abin ya faro. A shekarar 1989 wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya gabatar da shawarar tsarin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, kuma zuwa 1991 shafin farko yana zaune ne a kan kwamfutar ofis samfurin NeXT. Saba ba wani aljani ba ce. Duk kwamfutar da aka saka wa manhaja irin su Apache ko Nginx, ta zauna tana jiran a ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 80 ko 443 ta miƙa shafin da aka nema, ta zama saba ke nan. Sai dai a jikin waccan kwamfuta ta farko an manna wata takarda da ke gargaɗin kada kowa ya kashe ta. Tun ranar farko ke nan sharaɗin a bayyane yake: shafi yana raye ne muddin na'urar da ke riƙe da shi tana kunne, dare da rana, rani da damina.

Wannan sharaɗi kuwa kowa a cikinmu ya san nauyinsa. Kafin watan Agusta na 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da aka yanke layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an yi watanni ana karɓa-karɓa, sai a cikin Maris na 2024 aka maido da shi. Tashar hasken rana ta Malbaza, da aka buɗe a 2018 da ƙarfin megawat 7, ta taimaka, amma ba ta aiki da dare. Ga watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa ya kunna fanka, kuran ya yi ta zuwa yana komawa. Ga kuma ƙauyuka da yawa na Adar da Magiya da kwarin Tarka da igiyar wutar ma ba ta kai ba. Wani zai ce to ai ga faranti da batir, kuma rana ba ta ƙarewa a ƙasarmu. Gaskiya ne, don haka mu yi lissafi. Ƙaramar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, tana cin kamar wat 5. A haɗa mata akwatin wifi mai cin wat 10, an samu 15. A awa 24 ya kama 360. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1,200, amma irin na darma da ke kasuwanninmu idan ana son ya yi ƙarko rabi kawai ake ja, wato 600. Ashe za ta iya kwana a kunne. Idan tsohuwar kwamfutar cinya ce mai cin wat 25 ko 30, lissafin ya fara matsewa, ballantana a kwanakin hazo da ƙura ta lulluɓe farantin. A birnin Basalona na ƙasar Sifen akwai wata mujalla, Low-tech Magazine, da Kris De Decker ke gudanarwa, wadda tun 2018 ta ɗora shafinta a kan ƴar ƙaramar saba mai aiki da hasken rana a gida. Idan gizagizai sun daɗe shafin yakan mutu, kuma an faɗa wa masu karatu haka tun daga farko. To abin yana yiwuwa. Amma mai wancan gida yana da wani abu da yawancinmu ba mu da shi, wato layin intanet na igiya mai adireshi tsayayye.

Nan ne ainihin katangar take, kuma ita ce ta fi wahalar da masu koyo saboda ba a ganinta. Kowace na'ura da za a iya samu a intanet tana buƙatar lamba, wadda ake kira adireshin IP. Tsohon tsarin, IPv4, yana da lambobi kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbun da ake rabawa daga cikinsa ya ƙare tun watan Fabrairu na 2011. Saboda wannan ƙaranci, kamfanonin wayar salula kusan ko'ina a duniya sukan tara ɗaruruwan masu layi a bayan lamba guda. Idan kai ne ka nemi shafi, kamfanin yana riƙe da bayanin cewa kai ka tambaya, sai ya dawo maka da amsa. Idan kuwa wani ne daga waje ya zo neman ka, lambar da ya ƙwanƙwasa ta jama'a da yawa ce, na'urar kamfanin ba ta san wa ake nufi ba, sai ta yi watsi da saƙon. Mu kuma a wannan yanki, wanda ke da intanet, da sim ɗin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms yake samun sa. Abin da ke faruwa shi ne yaro ya gama shafinsa, ya buɗe a wayarsa da ke kan wifi ɗaya da kwamfutar, ya ga ya fito tsaf, ya aika wa abokinsa na Maraɗi lambar, abokin ya ce ba ya ganin komai. Sai ya koma yana ta tonon abin da ya rubuta yana neman kuskuren da babu shi. Ya bi darussan YouTube da ke cewa a buɗe ƙofa ta 80 a akwatin wifi, ya buɗe, shiru. Waɗancan darussa an yi su ne don gidajen da ke da layin igiya. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a duba lambar da akwatin ya ce kamfani ya ba shi, a gwada ta da wadda shafukan duba adireshi ke nunawa. In sun bambanta, ko ta akwatin ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana cikin taron da ke raba lamba ɗaya. Kada kuma wanda ya sayi Starlink, da ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, ya ɗauka ya tsira. Tsarinsa na gida shi ma raba lambar IPv4 yake yi, ga shi kuma farantinsa kaɗai yana cin gomman wat.

Waɗanda suka ɗan yi nisa a wannan fanni za su ce akwai dabara, kuma ba su yi ƙarya ba. Akwai manhajoji irin su ngrok da Cloudflare Tunnel, waɗanda ke sa kwamfutar gida ita ce ta fara kiran wata saba a waje ta riƙe layin a buɗe, baƙi su shigo ta can. Yana aiki, kuma don nuna wa malami ko wanda ya ba ka aiki abin da ka gina na awa ɗaya ko biyu, babu laifi. Amma a lura da abin da ya faru. Wanda ya ce ba ya son dogaro da kamfanin ƙetare, yanzu duk baƙonsa ta hannun kamfanin ƙetare yake biyowa, kuma har yanzu matsalar wuta tana nan, ga ta rezo da ke sauka idan hadari ya taso. Sannan akwai kuɗin mega. Duk shafin da saba ta miƙa, daga cikin megan mai saba yake fita. Matsakaicin shafin intanet a yau ya haura mega 2. Mutum 1,000 suka buɗe shi sau ɗaya, giga 2 sun tafi. Idan kuma akwai murya a ciki, wanda a yankin da jama'a da yawa ba su karanta boko dole shafi mai amfani ya kasance da ita, nauyin ya ninka. Ranar da shafinka ya karɓu, ranar ce kuɗinka za su ƙare.

Batun tsaro shi ne wanda masu koyo suka fi rainawa, don suna ganin wa zai damu da ƙaramin shafi daga Bangi ko Garhanga. Masu kutse ba sa zaɓar gari. Manhajoji ne suke saki suna bin lambobin intanet ɗaya bayan ɗaya, suna gwada kowace ƙofa da kalmomin sirri da aka saba amfani da su. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara dubban kyamarori da akwatunan intanet na gidajen mutane, waɗanda masu su ba su taɓa sauya kalmar sirrin da suka zo da ita ba, aka yi amfani da su aka kai hari kan kamfanin Dyn, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagara buɗuwa a sassan Amurka. Kwamfutar da yaro zai mayar saba galibi ita ce ke ɗauke da hotunan iyali da takardun makaranta da lissafin shagon mahaifinsa. Akwai kuma doka. Nijar tana da dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yuni na 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, ta kuma kafa hukumar HAPDP don kula da bayanan sirrin mutane. Duk wanda ya buɗe shafin da ake rubuta sharhi ko ake tara sunaye da lambobin waya, ya ɗauki nauyin da ya wuce na gwaji.

To ina amfanin kwamfutar ɗakin? Amfaninta babba ne. Matan da ke saƙa tabarmar kaba da aka san Madawa da ita, a tsakar gida suke saƙar, amma ranar kasuwa ake kai ta inda masu saye ke wucewa, kuma ba wanda ya ce sana'ar ta bar hannunsu don an baje ta a rumfar wani. Koyon gina shafi ba ya buƙatar intanet ko na sisin kwabo. Ka buɗe manhajar rubutu, ka rubuta ƴan layuka na HTML, ka adana da suna index.html, ka danna shi sau biyu, burauza za ta nuna maka shi. HTML shi ke faɗin mene ne kan magana, mene ne sakin layi, ina hoto zai zauna. CSS shi ke kula da launi da girma da yadda shafin zai daidaita a fuskar ƙaramar waya, wanda a nan shi ne mafi muhimmanci, tunda kusan duk mai buɗe shafinka da waya zai buɗe shi. JavaScript shi ke sa shafi ya yi lissafi ko ya amsa idan an taɓa wani abu. Masu tambayar da wanne za a fara, da wannan jeri za a fara, kuma wanda ya tsallake na farko da na biyu ya faɗa wa manyan kayan aiki da ya ji sunansu, zai yi ta kwafe abin da bai fahimta ba. Tambayar da ke biye ita ce me ya sa fayil ɗin PHP ba ya aiki in an danna shi. Dalili shi ne PHP a kan saba ake sarrafa shi kafin a miƙa wa burauza sakamakon, don haka sai an saka wani abu kamar XAMPP, wanda ke haɗe da Apache da PHP da rumbun bayanai, sannan a rubuta localhost ko 127.0.0.1, lambar da kowace kwamfuta ke nufin kanta da ita. Ga shi nan ka samu cikakkiyar saba a ɗakinka, ba tare da ka buɗe wa kowa ƙofa ba. Kurakurai uku ne ke yawan kama sabon hannu ranar da ya kwashe shafin zuwa wani wuri. Ya nuna hanyar hoto da cikakken adireshin da ke cikin tasa kwamfutar, sai hoton ya ɓace a ko'ina ban da wurinsa. Ko ya rubuta sunan fayil da babban baƙi a nan, ƙarami a can, Windows ta yafe masa, sabar da ke kan Linux ba ta yafe ba. Na ukun namu ne mu masu rubutu da Hausa: idan ba a faɗa wa burauza cewa shafin da tsarin UTF-8 aka rubuta shi ba, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai su rikiɗe su koma wasu alamomi. Layi ɗaya ne a saman shafin yake maganin wannan.

Idan an gama, yawancin shafukan da yankinmu ke buƙata ba su da rikitarwa. Na ƙungiyar manoman albasa a Sabon Gida ko Tamaske, ko na makaranta, ko na ƙungiyar ƴan asalin wani gari da ke cirani, abin da ke ciki bai wuce bayani da hotuna da sanarwa da lambar tuntuɓa ba. Irin wannan shafi da ba ya buƙatar rumbun bayanai ana iya ɗora shi kyauta a wurare kamar GitHub Pages, tare da kwaɗon nan na tsaro da ake gani a gefen adireshi, wanda tun zuwan Let's Encrypt aka daina dole sai an saye shi. Wannan ya amsa kukan da ake yi cewa hayar saba sai da katin banki, wanda ba kowa ke da shi ba. Abin da za a biya, in ana so, shi ne sunan shafin, kuma haya ce ta shekara-shekara, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar ko wani. Kukan da ya fi nauyi shi ne na ƴancin kai: yaya za mu kai kayanmu rumbun wasu, su da za su iya rufe shi duk ranar da suka ga dama? Wannan damuwa ce ta gaske, kuma takunkumin 2023, lokacin da aka yanke mana layin wuta, ya nuna mana cewa abin da ke hannun wani ana iya yanke shi. Amma shafin da ke bayyane dama don kowa ya gani aka yi shi, babu sirrin da za a sace. Abin da ke kare mai shi abu biyu ne: cikakken kwafi a gida, da kuma riƙe sunan. Wanda ke da waɗannan, in an kore shi daga wannan masauki da safe, kafin la'asar ya tare a wani. Kuma ina jan kunnen shugabannin ƙungiyoyi, a yi rajistar sunan da adireshin imel na ƙungiya, a rubuta kalmar sirri a ajiye wurin mutum biyu ko uku. In aka bar komai a wayar saurayin da ya gina shafin, ranar da ya kama hanyar Aljeriya ko Libiya shafin ya tafi tare da shi.

Wasu kuma za su ce duk wannan wahalar ta me, ga WhatsApp ga Facebook. Ba na musun cewa can jama'a suke, kuma farashin buhun albasa ya fi saurin yawo ta saƙon murya. Cibiyar RECA ta manoman ƙasa ma tana amfani da WhatsApp wajen ba da shawara da Hausa da Zabarmanci. Amma ta kuma riƙe shafinta na intanet, inda takardun ke zaune ana samun su bayan shekaru, alhali saƙon WhatsApp na makon jiya ya nutse. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa 6. Sannan ku dubi tarihinmu. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka aka farfaɗo da fako aka dasa miliyoyin itatuwa, da layukan dogon yaro na kare iska da aka fara dasawa a kwarin Magiya ta ɓangaren Buza a 1975 tare da ƙungiyar CARE, duniya ta yi rubutu a kansu da Faransanci da Italiyanci da Ingilishi. Jikan matar da ta yi aikin, in ya nema da Hausa, abin da zai samu kaɗan ne, ga shi kuwa tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tsofaffin da suka yi aikin da dama suna raye, kuma wayar da za ta naɗi muryarsu tana aljihun jikokinsu.

Akwai wuri ɗaya da saba ta gida ta fi kowace sabar haya, shi ne inda masu amfani da ita suke kusa da ita. A ɗauki ƙaramar kwamfutar nan mai wat 5, a sa ta riƙa watsa wifi nata na kanta, a zuba mata littattafan makaranta da tsofaffin tambayoyin jarrabawar BEPC da darussan murya da kwafin Wikipedia ta hanyar manhajar Kiwix, wadda aka yi don karatu ba tare da intanet ba, kuma akwai na Hausa da na Faransanci. Duk ɗalibin da ke harabar sakandaren Karofan ko Ibohaman zai shiga da waya ba tare da ya kashe mega ko ɗaya ba. Matsalar lambar IP ba ta taso ba, domin ba wanda ke zuwa daga waje. Masu kutsen duniya ba su da hanyar isowa. Wuta ma ba sai ta kwana ba, daga safe zuwa tashin makaranta ya isa, lokacin da rana ke kan faranti. Irin wannan saba ba ta san an katse intanet ɗin salula ba, kamar yadda aka yi na kusan kwana 10 bayan zaɓen Fabrairu na 2021, ba ta kuma san igiyoyin ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Kodebuwa ba, kamar ranar 14 ga Maris 2024. Ɗaliban da suka koyi HTML a nan za su ɗora nasu shafukan, ƴan ajinsu su buɗe su yi musu gyara a take. Abin da take buƙata shi ne akwati mai iska da zai tare ƙura, katin ajiya na biyu mai ɗauke da kwafin komai, domin waɗannan katuna suna lalacewa idan wuta ta yanke tsakiyar aiki, da kuma malami fiye da ɗaya da ya san yadda ake kunna ta da sabunta ta, saboda a ƙarshen kowace shekarar karatu ana yi wa malamai sauyin wurin aiki.